Dirkar da Kawu Shaibu Ya Yi wa Ɗori

Na yi shekaru ina koya wa yara a lakol, wato makarantar boko, cewa manyan al'amura ne ke juya duniya: yaƙi, fari, tashin dauloli da faɗuwarsu. Yau da furfura ta fara kama ni, ina so in janye wannan magana a gaban shaidu. Babu daular da ta taɓa tsayuwa ba tare da wani abu ya tokare rufinta ba, kuma tun daga maginan Fir'auna har zuwa majalisar ƙofar gidanmu, ba a taɓa yin tambayar da ta raba kan masu hankali kamar wannan ba: idan itacen da ke riƙe da rufi ya tsage, a gyara shi ne ko a ƙyale shi? Manyan masana duk sun zagaye tambayar sun wuce. Mutum ɗaya na sani da ya tunkare ta gaba da gaba, da hannu biyu da ƙwaryar man shanu. Shi ne kawuna, Shaibu Maɗori, Allah Ya jiƙansa.

Ku da kuka san shi a garinmu, nan tsakanin Agiye da Gazawa, kun san ba a gaisawa da Kawu a gurguje. In ka miƙa masa hannu, to ka bayar ke nan. Zai riƙe tafin, babban yatsansa ya gangara wuyan hannu ya latsa, ya bi dantse yana amsa gaisuwa ido a rufe. Kafin ku kai ga "ina iyali" ya isa kafaɗa.

"Ka taɓa faɗowa daga jaki."

"Kai, Kawu! Tun ina yaro fa."

"Wa ya ɗora ka?"

"Wani ne a Tasawa."

"Shi ya sa." Sai ya sake ka, da fuskar wanda aka ba labarin rasuwa.

Ba ya ware babba da yaro. An taɓa kawo wani babban baƙo daga buro, wato ofishin gwamnati, a Maraɗi, ya zo buɗe famfon garinmu. Dattawa suka jeru ana gaisawa. Da aka zo kan Kawu sai layi ya tsaya cak, ga baƙo da babbar riga ana matsa masa gwiwar hannu a bainar jama'a. Jandarman da ke rakiya ya tako da sauri. Kawu bai ko saki baƙon ba, ya kalli ƙafafun jandarma ya ce, "Kai ma ka jira ni, tahiyar nan taka ba daidai take ba." Wallahi ya jira. Na gani da idona, a bayan mota, ya tuɓe takalmi.

Maganarsa ɗaya ce a duniya: "Kawo in taɓa." Rediyo ta ƙi magana, kawo in taɓa. Kankana ta nuna ko ba ta nuna ba, kawo in taɓa. Ran da na kai masa takardar shaidar zama malamin lakol, yatsa ya bi da ita gefe da gefe, ya miƙo mini ya ce, "To, Mushe, ba ta da lahani." Tun daga ranar ban sake jin sunana na yanka a bakinsa ba, sai Mushe, laƙabin da ake kiran malaman lakol da shi.

Ɗori gado ne a gidansu. Kayan aikin ba su da yawa: karan dawa da ake jerawa a kewaye ƙashi, tsumma na ɗaurewa, man shanu, da tofi. Sai dai a wurin Kawu tsumma ba abin yarwa ba ne. Tsofaffin zannuwan matarsa, Inna Hajo, yake yagawa, kuma doka ce in ka warke ka wanke ka maido. Akwai tsumman da ya ɗaure ƙafar uba, ya dawo ya ɗaure ta ɗa. Wani bawan Allah daga Sae Sabuwa ya warke ya tafi da nasa, bai san da wa yake yi ba. Kawu ya shiga mota ranar kasuwarsu, ya bi rumfa-rumfa har ya same shi yana cinikin tumaki. Mutumin ya rungume shi, yana ta nuna wa jama'a ƙafa, yana cewa ga wanda ya tashe ni. Kawu ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ƙafar taka ce. Tsumman nawa ne."

Abin da ya kashe a mota zai saya wa Inna Hajo sabon zane. Da ta faɗa masa haka, cewa ya yi sabon zane bai san aiki ba.

To, mu zo kan dirka.

A ƙofar gidan akwai rumfa babba, rufin zana da kara, azara ɗaya ta ratsa ta daga bangon zaure zuwa katangar bakin hanya. Nan ake kwantar da masu karaya, don Kawu ba ya yarda majinyaci ya koma gida sai ƙashi ya kama. A tsakiyar rumfar akwai dirka, wato itacen nan mai baki biyu a sama da ake kafawa ya tallabi azara. Ta kirya ce, baƙa wuluk, ta yi santsi saboda bayan mutane. Mahaifin Kawu ne ya saro ta tun zamanin da kirya ke da yawa a dajinmu. Yanzu ko ka yini kana yawo da wuya ka ga mai kaurinta, in ka gani ma tana da mai ita.

Wata bazara aka kawo Sanusi, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, ya yi karo da saniya a hanyar Gazawa. Saniyar ta tashi ta tafi abinta. Kawu ya ɗora masa ƙauri, ya kwantar da shi rigingine gab da dirka, ya ce kada ya motsa. Mutumin da aka hana motsi ba shi da aiki sai kallon sama, kuma Sanusi yaro ne mai ido.

"Baba, wannan iccen lahiyarsa lau?"

"Kai jinya ka zo ko duba gini?"

"Baba, tsaga ce fa, tun daga wuyansa har cibiya. Shekaranjiya ba ta kai nan ba. Ni kuma ka ce kada in motsa."

"Kada ka motsa."

"To in rumfar ta taho?"

"In ta taho ai ka yi sa'a, kana wurin maɗori. Wasu sai an ɗauko su a amalanke."

Wannan amsa ba ta kwantar wa Sanusi da hankali ba. Ya ɗauki hoton tsagar da wayarsa ya tura wa abokan sana'a, washegari 'yan uwansa suka zo suka ɗauke shi zuwa Agiye. Ku tuna fa, a zamanin nan jaki ya rage kayar da mutane, moto ne ya karɓi aikin. Yawancin masu kwanciya a rumfar Kawu 'yan kabu-kabu ne da fasinjojinsu, kuma babu gidan rediyon da ya kai su yaɗa labari. Kafin mako ya zagayo, a kowace tasha ana cewa rumfar maɗori za ta rufta. Wani marar ta-ido ya ƙara gishiri, ya ce mutumin da ya kasa ɗora iccen ƙofar gidansa, shi za ka kai wa cinyarka?

Rumfa ta watse. Na zo hutu daga Gidan Rumji, inda nake koyarwa, na tarar da tabarmi a naɗe, Kawu zaune shi kaɗai yana latsa gwiwarsa da yatsa, ya gama da ta dama ya koma ta hagu. Ɗori bai taɓa ba shi arziki ba, gonarsa ke ciyar da shi. Amma aikin ubansa ne da kakansa, kuma ga shi yana neman ƙarewa a hannunsa saboda tsagar itace. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba su da abin taɓawa ba sai ranar.

Aka yi taron shawara. Lawali, babban ɗansa da ke kasuwanci a Maraɗi, ya bugo waya ya ce a tumɓuke ta a kafa ƙarfe. Ni kuma, da yake an kashe alli a kaina, na gyara murya na ce na karanta cewa akan yi wa irin wannan zobe na ƙarfe a ɗaure da kusa.

"Mushe, littahin nan da ka karanta, ya taɓa karyewa?"

Na ce a'a.

"To bai sani ba."

Sai aka juya ga Baba Ila Masassaƙi. Shi ɗan gwaggon Kawu ne, taubashinsa, tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan ko da fitowar rana ba. Rabin turamen garinmu shi ya sassaƙa su. Ya zagaya dirkar, ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar gizago, ya tofar da goro.

"Tsagar tsaye ce, ta bi jijiyar icce. Kowace kirya in ta sha rana haka takan yi. Turmin gidanka ma a tsage yake, ka ga Hajo ta fasa daka? Ta kwance ce ke kashe icce. Wannan ba ta buƙatar komi. Ƙyale ta."

Kowa ya zaci Kawu zai yi murna, tunda ga masani ya wanke dirkarsa. Ina! Sai ya miƙe tsaye.

"Ƙyale? Ni Shaibu? Tunda nike ban taɓa duban mai rauni na ce mashi ƙyale ba. Wannan maganar masu gizago ce, ku da ba ku san komi ba sai sara."

"Kai tsohon banza, icce ne fa! Ya mutu tun kana da gashi."

"Kai ma ai ka daɗe da mutuwa, ga ka nan kana cin goron mutane."

Washegari da hantsi aka yi abin da har yau in na ba da labarinsa a Gidan Rumji sai an ce in rantse. Kawu ya yi alwala, ya fito da kayan aiki, ya tsaya gaban dirka ya rufe ido, ya ɗora mata babban yatsa. Ya daɗe yana latsawa. Da ya buɗe ido sai ya sanar wa jama'a, da muryar da yake yi wa dangin majinyaci magana, cewa a kwantar da hankali, ba karaya ba ce, tsagewar ƙashi ce. Ya kira samari majiya ƙarfi, irin waɗanda kan danne mutum in za a ja ƙafa, ya ce su riƙe ta.

"Ku riƙe ta da kyau, yara," in ji Baba Ila daga kan dakali. "Kirya akwai shuri."

Kawu bai kula shi ba. Ya cusa man shanu a tsagar har ta ƙoshi, ya yi tofi, ya jera kara a kewaye, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau. Sannan ya kafa doka: ba jingina, ba ɗaure akuya, ba rataye rediyo.

Man shanun nan na miyar Inna Hajo ne, ranar ta saye shi wurin Bafulatana. Ta leƙo daga zaure da ƙwarya wayam a hannu.

"Malam, ni da na yi targaɗe bara, ruwan zahi ka ce in sa."

"Ke kina iya kwanciya ki huta. Ita fa?"

"To Allah Ya ba ta lahiya. In ta warke sai ta shigo ta yi maka tuwo."

Jinya ta yi wuya. Awakin unguwa suka gano cewa an buɗe gidan abinci, suka riƙa zuwa suna lasar tsumma, wata ma ta fara cin karan. Kawu ya dawo da zamansa gindin dirka da sanda a hannu. Cinnaka suka zo nasu rabon, suka haɗa da mai gadin. Duk da haka kullum da safe sai ya gaishe ta, ya tambaye ta kwanan jiki, ya ɗan latsa ta saman tsumma ya gyaɗa kai.

Ranar kwance ɗori gari ya taru, har da masu tallar gyaɗa. Zafi ake yi ranar kamar an buɗe bakin tanda. Kawu ya warware tsumma a hankali, kara ya zube. Jama'a, tsagar nan ta ƙara faɗi! Da can sai tsinke, yanzu Baba Ila ya tura ɗan yatsansa ya shige har gaɓa.

"Ta buɗe baki," in ji shi. "Godiya take son yi maka."

Aka kwashe da dariya. Ni kaina na sunkuyar da kai, don kunya ta kama ni a madadinsa. Kawu ya tsaya yana kallon tsagar, can sai ya daki goshinsa.

"Laihina ne. Wane majinyaci ne zai warke shina tsaye dare da rana da kaya a ka? Ko kai, Ila, da ba ka da amfani, in anka aza maka azara ka warke?"

Ya sake ɗaure ta. Sannan ya sa aka saro reshen dogon yaro guda biyu, aka tokare azarar dama da hagu don majinyaciya ta samu hutu. Wannan ba ƙaramin ƙasƙanci ba ne a wurinsa, don ya raina dogon yaro, yakan ce baƙon icce ne da ba a san kakansa ba. Amma ya ce ko sarki in ya karye, sandar da ta samu yake dogarawa. Rumfa ta koma kamar gurgu mai sanda biyu. 'Yan kabu-kabu in sun zo wucewa sai su rage gudu su ɗaga murya, "Baba, ya mai jiki?" Shi kuwa ya amsa da gaske, "Da sauƙi."

Ana cikin haka Lawali ya gaji da jin ana yi da ubansa a tasha, ya aiko da turken ƙarfe a saman mota, sabo fil, an shafa masa shuɗin fenti. Kawu ya ce a kawo ya taɓa. Ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ba gaɓa, ba jijiya. Wannan in ya lanƙwashe, wa zai ɗora shi?"

Ya aika wa Inna Hajo da shi cikin gida. Har yau a kansa ake shanya.

Watannin nan sun yi masa tsawo. Mutum ya karye a ƙofar masallacinmu, a ɗauke shi a wuce ta gaban rumfar Kawu zuwa wani gari. Sai dai ya bi amalanken da ido har ya sha kwana. Inna Hajo ta gaya mini abincinsa ya ragu. Ita da ke yi masa tsiya, sai ga ta da kanta tana ajiye masa ɗan man shanu a gefe, wai na mai jiki.

Sai ruwa ya sauka. Aka yi shuka, aka yi noman fari, damina ta zauna sosai, hatsi ya kai gwiwa. Wata Juma'a bayan an sallame, Kawu ya miƙe a harabar masallaci ya ce gobe zai kwance ɗori, mai son dariya ya zo da wuri ya samu wurin zama. Aka kuwa zo. Motoci suka jeru kamar ranar kasuwa. Har Sanusi ya zo, ya warke yana takawa, wayarsa a sama tun daga nesa.

Kawu ya sa aka janye sandunan dogon yaro. Rumfa ba ta ce uffan ba. Ya warware tsumma. Jama'a suka miƙa wuya.

Babu tsaga. Wato akwai, amma ta koma kamar zare, sai ka matso ka ƙura ido. Baba Ila ya ture mutane ya zo da tsinken sakace, ya soka, tsinke ya karye. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sanusi ya hau salati da ƙarfi.

"Laima ce!" Baba Ila ya daka tsawa. "Ku saurara, jama'a, laima ce! Icce ya sha iskar damina ya kumbura. Ƙofar ɗakina ma yanzu ba ta ruhuwa. Ni na ɗora ta?"

Kawu yana naɗe tsummansa, bai ko ɗago ba. "Kawo ƙofar in taɓa."

Babu wanda ya ji Baba Ila. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san haka, yana cikin darasin da nake koya wa 'yan aji biyar. Amma wa zai tsaya sauraron laima alhali ga mu'ujiza da tsumma a gabansa? Sanusin nan da ya watsa rumfar, shi ya koma sanƙiranta. Kafin kaka tabarmi sun koma shimfiɗe, ana kawo masu karaya daga Agiye, daga Gazawa, har daga tsallaken iyaka. Kowa kuma so yake a kwantar da shi kusa da dirka, har ana rigima a kan wurin. A Gidan Rumji wani uban ɗalibi ya ba ni labarin, bai san kawuna ba ne. A nasa bakin, dirkar har ganye ta fitar. Na ce masa ban ji wannan ba. Ya dube ni da tausayi ya ce ku 'yan boko ba ku yarda da komai ba.

Baba Ila ya ce mu jira rani, za a ga ƙarya. Ya riƙa zuwa kullum bayan girbi yana leƙen dirka kamar mai jiran haihuwa. Iska ta fara bushewa ke nan, leɓɓa sun fara tsagewa, sai ya zo wata safiya ya tarar da ita a naɗe da tsumma tun daga wuya.

"Mi ya faru kuma, likita?"

"Sanyi na tayar da tsohon ciwo. Tambayi duk wanda ya taɓa karyewa."

Masu jinya da ke kwance suka amsa baki ɗaya cewa wallahi haka ne, su ma suna ji.

Shi ke nan abin ya zama shekara-shekara. Rani ya kama, a ɗaure dirka. Damina ta zauna, a kwance ta a gaban jama'a, tsaga ta rufe, tsohuwa ta yi guɗa, Baba Ila ya miƙe ya ce laima ce, yara su amsa masa kamar amshin waƙa. Mata har ƙosai suke soyawa. Wata shekara Baba Ila ya kwanta ciwo a tsakiyar damina. Mutane suka yi ta tambayar Kawu yaushe za a kwance, yana cewa ba ta nuna ba tukuna. Sai da taubashinsa ya samu sauƙi, ya aika da amalanke aka ɗauko shi, aka jingina shi da bango. Da tsumma ya faɗi, muryar Baba Ila ba ta fita sosai. Kawu ya kai kunne kusa da bakinsa, ya saurara, ya juyo ya sanar wa jama'a da ƙarfi: "Ya ce laima ce." Sannan aka watse.

A shekararsa ta ƙarshe, da jiki ya yi nauyi, na same shi a rumfar da la'asar ba kowa kusa. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah. Ka san laima ce?"

Ya dubi dirkar, sannan ya dube ni.

"Mushe, ƙashin mutum ma ba ni ke haɗa shi ba. Ni dai in daidaita, in ɗaure, in hana mutum gaggawa. Mai haɗawa daban ne. Yaran nan tsoro ya kore su, ga su da ƙafa a karye suna yawo bisa moto neman magani. In na ce masu ƙyale, ba su dawowa." Ya gyara zama. "Amma in ka gaya wa Ila, ban yafe ba."

Ban gaya masa ba. Yanzu ma na san ba ya karatun boko, ku kuma da za ku karanta masa, ku tsallake wannan wurin.

Kawu ya rasu da rani, dirkarsa a ɗaure. Ranar jana'iza na tsaya a baya ina kallon masu karɓar makara, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan. Sai na lura da yawansu da kafaɗun da ya mayar suke ɗauke da shi, da ƙafafun da ya ɗora suke takawa. Sanusi bai yarda ya saki ba har bakin kabari. Baba Ila kuwa, sai da aka dawo ya zauna a rumfa ya ce, ga wanda ya fi kowa taurin kai ya tafi ya bar ni da masu hankali, da wa zan yi magana?

Allah Ka jiƙan bawanKa Shaibu. Ya tausaya wa masu ciwo, Ka tausaya masa. Ka daidaita masa makwancinsa, Ka yalwata shi, Ka yafe masa kurakuransa. Ka ba Inna Hajo da Baba Ila haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Kafin damina ta gaba Lawali ya zo sabunta rufin rumfar. Muka sauke tsohuwar zana, Baba Ila ya hau turmi ya kwance wayar da ta ɗaure bakin dirka da azara. Yana kwancewa dirkar ta kife ƙasa. Gara da ruwa sun daɗe da cinye gindinta. Tsakaninta da ƙasa mai ƙarfi akwai taƙi guda, rairayi ne kawai ya rufe wurin. Rumfar ce ke riƙe da ita.